Simintin Zaure

Shekara huɗu na yi ina haya a wani gida mai ɗaki uku a Gashuwa, ni da maiɗakina da mahaifiyata. Mai gidan wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar tattasai. Ranar da zan tare, ban da kuɗin haya, dillalinsa ya karɓi naira dubu sittin, ya ce ajiya ce, za a mayar mini in na tashi ban ɓata komai ba.

Da aka mayar da ni koyarwa Nguru, muka share gidan tas. Har bangon kicin maiɗakina ta wanke da soso. Na miƙa makulli, dillali ya ce Alhaji ya yi tafiya, in dawo. Sau uku ina biyan kuɗin mota daga Nguru, kowane zuwa da uzurin da zan tarar.

A na huɗu na sami Alhajin a rumfarsa cikin buhunan tattasai, yaji sai sa ni atishawa yake. Ya miƙo mini dubu tara da wata takarda. An cire kuɗin fenti. An cire na famfon da tun shigata bai taɓa ɗigo ba. An cire na ƙofar banɗaki, wai ba irin tasa ba ce, alhali tasa gara ta cinye, ni na sa sabuwa da kuɗina. Duk wannan na shanye. Layin ƙarshe ne na kasa shanyewa: gyaran simintin zaure, saboda taron makoki.

A gidan mahaifiyata ta rasu. Kwana uku mutane na zama a zauren nan. Shi kansa Alhaji ya zo, ya zauna kusa da ni, ya ja doguwar addu'a, ya ci shinkafar sadaka. Ashe ƙasa yake kallo.

Na ce, "Alhaji, har zaman makokin Inna?"

Bai ko ɗago ba. "Malam, benci kuka jajjawo a kai. Ni na gani da idona."

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Aka kira dillali, ya yi ta kame-kame, daga baya ya yarda famfo da ƙofa ba laifina ba ne. Kan siminti kuwa Alhaji ya kafe, har yana neman a kawo Alƙur'ani ya rantse. Na ce a bar masa, ba za a ɗauko Littafi kan wannan ƙazanta ba.

Alhaji ya ƙirgo mini ƙarin dubu ashirin da biyar yana lasar yatsa. Da za mu rabu ya riƙe hannuna a gaban dattawa, ya ce Allah ya jiƙan Inna. Bakina ya kasa cewa amin, sai a zuci na faɗa.

Da na koma Nguru maiɗakina ta tambayi abin da aka cire. Na ce mata fenti ne.