Ramin da Yatsa Ya Bari a Ƙafata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan shekara guda ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, yau ga amsarku. Ku yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Bara na haifi ta biyar. Aka sa mata sunan mahaifiyata, muna ce mata Ummi.

Mahaifiyata ta rasu ina shekara bakwai, tana cikin jegon ƙanena, ba ta yi arba'in ba. Abu ɗaya nake iya tunawa. Tana zaune jingine da bango, ƙafafunta a kumbure, ni kuma ina danna yatsa a ƙaurinta ina dariya, saboda ramin ba ya cikewa.

Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta zo daga ƙauyenmu na wajen Buji ta zauna da ni a Dutse don wankan jego. Safe da yamma ruwa na tafasa a garwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini. Ina fitowa ga kunun kanwa, kwano cike.

A sati na uku na fara haki. Daga ɗaki zuwa madafi sai na tsaya a hanya. In na kishingiɗa bayan azahar, sai in ji kamar an tura ni rijiya, in tashi da tari. Na koma barci a zaune, jingine da bango.

Sai kuma wata ƙara. A cikin kunnena nake jin ta, bugu uku maimakon biyu, kamar tsoho mai sanda yana biye da ni. In na tsaya, shi ba ya tsayawa. Ban gaya wa kowa ba.

Wata safiya ina ba Ummi nono na dubi ƙafata. Na danna yatsa. Na ɗaga.

Ramin ya tsaya yana kallona.

Na nuna wa Gwaggo. Ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, 'yar nan. Ruwan jiya bai yi zafi ba." Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Wallahi don so ta yi.

Ranar da na kai Ummi rigakafinta na farko, ina kan benci a ƙaramin asibitin unguwa, sai idona ya faɗa kan wata takarda a bango. Na bi ta harafi harafi yadda malamarmu ta koya mana. Haki. Kumburin ƙafa. Kasa kwanciya. Bayan haihuwa. Sau uku na karanta, ina fatan ni ce na yi kuskure.

Na ɗaga zanena na nuna wa nas ɗin. Ta danna, ta dube ni, ta ce, "Maman Ummi, kira maigidanki. Yau ba gida za ki ba."

A adaidaita aka kai ni babban asibiti. Aka sa mini iskar numfashi, aka yi mini allurar da ke sa fitsari, aka ɗebi jini. Kowace safiya a ɗora ni a sikeli. Malam, maigidana, ya sayar da ragon da muke kiwo don layya, ganin bai ta da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Ɗakin hoton zuciya duhu ne. Wata likita ta shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, ta kunna na'ura, sai ga ƙarar nan ta fito fili. Mai sandan da nake ji ni kaɗai, yanzu kowa a ɗakin yana jin sa. A allo na ga wani abu kamar salka da ta saki, yana motsi da ƙyar.

Na ce, "Likita, zan yi arba'in?"

Ta ce, "Insha Allahu. Mai ciki jininta ƙaruwa yake yi, zuciya ta buɗe ta ɗauki nauyin, bayan haihuwa ta koma yadda take. Taki ta gaji a hanya. Masu bincike ba su gama gano dalili ba, amma sun ga da magani ta mata da yawa tana komawa. Kanwa kuwa ruwa take tara miki, zafin nan kuma ƙarin aiki ne ga zuciyar. A daina duka."

Kwana goma sha biyu na yi a gado. Tsorona ɗaya ne: kada Ummi ta tashi ba ta san fuskata ba.

Bayan wata shida muka koma hoto na biyu, Gwaggo ta ce sai ta raka ni. Salkar ta tsuke, tana matsewa da ƙarfinta. Bugu biyu, ba na uku. Likita ta ce ba ta gama komawa ba, in ci gaba da magani, kada kuma in sake ɗaukar ciki sai mun zauna da ita.

A bakin ƙofa Gwaggo ta riƙe hannuna.

"Ni na yi wa uwarki wanka," in ji ta. "Da ta kumbura, itace na ƙara."

Na ce, "Gwaggo, ba ki sani ba. Kwana ne ya ƙare."

Ta ce, "Yanzu na sani."

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa nas ɗin nan da likitata da Malam da alheri, da malamar da ta riƙe hannuna na rubuta baƙin farko. Allah ya ji ƙan mahaifiyata.

Mata 'yan uwana, in kin haihu kika ji haki, ko kika kasa kwanciya, ko ƙafa ta kumbura, kada ki ce sanyi ne, je ki likita ta duba. Kada ki jira arba'in. Ruwa mai ɗumi ya isa wanka. A rage kanwa da gishiri. In kin iya karatu, karanta wa maƙwabciyarki wannan.

Jiya Ummi ta rarrafo ta danna yatsanta a ƙaurina tana dariya. Na riƙe numfashi na duba.

Naman ya dawo.