Sarƙar Keken Saƙo

Ban taɓa mantawa da ranar da na kai sifana jikin tsohon keken da ke jingine a ƙuryar shagonmu na Ƙanƙara ba. Ranar ce sakamakon jarrabawarmu ya fito, na haye, ba kariyoba ko ɗaya. Hannu ɗaya na gyara, ɗaya na latsa waya ina tsokanar 'yan ajinmu. Sai ga mai tallar burodi da kekensa, robar birki ta cinye, tamu kuma ta ƙare. Na ce ba matsala, oga, minti biyu. Na nufi tsohon keken nan zan kwance tasa.

"Kai, ɗan boko. Aje sifanar nan."

Kakana ne, Alhaji Mamman. Shi ya gaji shagon wurin mahaifinsa, ya bar wa babana. Ido ya yi rauni, ba ya gyara yanzu, amma kullum yana kan bencinsa.

"Haba Alhaji, aro ne fa, gobe in mayar. Wannan gwangwanin wa ke hawansa?"

"Gobe in mayar," ya maimaita.

Ni da shi kullum cikin tsiya muke, yana cewa na zo ƙwace masa mata. Ranar ko murmushi bai yi ba. Ya sa na tura mai burodi shagon gaba, ya nuna min gefen benci. Ya ce tunda yatsuna ba sa gajiya, in latsa wannan labarin a waya. Ga shi nan yadda ya faɗa.

Abin ya faru kafin a ba da mulkin kai, cikin shekarun hamsin, da kaka, ana cirar auduga. Lokacin shagon nan rumfar kara ce bakin kasuwa. Babana, Malam Sule, Funtuwa ya koyo gyaran keke, ya dawo gida da sifana uku da famfo ɗaya. Shi ne maigida, shi ke miƙe ƙafar keke in ta karkace. Yayana Audu shi ke kwance keke ya ɗaura. Ni ne na faci da birki da sarƙa. Kayan gyara duk daga Funtuwa ake kawo su, in abu ya ƙare sai a jira mota.

Kekuna huɗu gare mu. Uku na haya ne, 'yan kasuwa da masu zuwa biki ke ɗauka. Na huɗun ba a hayarshi, ko wa ya aiko. Shi ake ce ma keken saƙo. In mutum ya kwanta ciwon ajali yana neman ɗanshi, ko an yi rasuwa ana so dangi su ishe jana'iza, ko Sheme suke, ko Faskari, ko can wajen Sabuwa, wurinmu ake zuwa. Ɗayanmu ya hau ya tahi, in ta kama ya ɗauko mutum bisa kariya, wato mazaunin baya. Ba a biyan komai. Babana cewa yake shi ne zakkar rumfa. Kowace safiya aikina ne in taɓa iskarshi, in matsa birki, in ɗiga ma sarƙa mai.

Ranar da nake ba ka labari, ranar kasuwa ce. Babana ya tahi Funtuwa sayen kaya, Yaya Audu na gona yana yankan dawa, kekunan haya duk sun fita tun da safe. Ni kaɗai ne a rumfa. Sai ga wani malamin awon auduga, farar riga, alƙalami a aljihu, yana turo kekenshi.

"Samari, ina Malam Sule?"

"Ya tahi Funtuwa, ranka ya daɗe. Sai gobe."

"To yau kai ne maigida. Sarƙa ta tsinke, kuma manoma na jirana Faskari kafin azahar."

Na duba. Wuri biyu ta tsinke, sauran ma duk ta ci. Na ce mashi wannan ta gama yawo, sabuwa kuma ba mu da ita sai mota ta zo. Ya nuna ƙurya da haɓa.

"Waccan fa?"

"Keken saƙo ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To?" Ya gyara hula. "An ce mani ɗan Malam Sule ya fi ubanshi hannu. Ashe tsoro ne ya fi shi."

Kada ka rubuta tilas ya yi mani. Bai yi ba. Daɗin baki na ji. Na ce cikin raina, wata biyu keken nan bai fita ba, garin kuma lahiya lau, gobe sababbi za su iso in mayar, wa zai sani? Na cire sarƙar na ɗaura mashi. Ya hau, ya kaɗa ƙararrawa, ya bar mani matacciyar tashi a ƙasa.

Hantsi bai gama dubawa ba sai ga Malam Isa yana sauri, riga a kafaɗa. Ƙanen Inna Hajjo ne, mai daddawa da ke bayan kasuwa. Ɗa ɗaya gare ta, Lawal. Kowa a unguwa ya san abin da ya shiga tsakaninsu: ya sayar da gonar da ubanshi ya bari ba da saninta ba, ta ce ya ɓace mata da gani. Ya yi zuciya ya koma 'Yargoje wurin surukanshi. Wata huɗu bai leƙo ba.

"Mamman, fito da keken saƙo. Yaya Hajjo ce. Tun asuba take kiran Lawal. Ta ce a kawo mata shi ta yafe mashi da bakinta."

Na tsaya. Ya bi idona da kallo har ya kai kan keken.

"Ina sarƙar?"

Ya juyo ya tambayi kekunan haya, na ce duk sun fita. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya zauna bisa turmin da muke jingina keke.

Na ɗauki matacciyar sarƙar nan. Yadda ake yi, in sarƙa ta tsinke, sai a fidda ƙwayar da ta lalace a haɗa bakin biyu da ɗan ƙarfen da ke riƙe su. Ni ba ni da ɗan ƙarfen. Ƙusa na yanka na zura, na daddake kanta da guduma. Garin sauri, sau biyu ina bugun yatsana. Kafin in gama rana ta ɗaga sosai.

Na hau na kama hanyar 'Yargoje. Ban iya taka feda da ƙarfi ba, don na san abin da na ɗaura. Duk da haka, a hawan da ke bayan rafi ta tsinke. Na tsuguna na haɗa ta da dutse. Ban yi nisa ba ta sake, wannan karon guntun ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, na nema na rasa. Akwai wani Bafulatani yana kiwo gefen hanya. Na jingine mashi keken na ce amana, na fara gudu. Takalmina ya tsinke, na yar da shi.

An gama azahar na isa. Na ishe Lawal cikin gona. Ina faɗa mashi ya saki lauje.

"Tana da rai?"

"Na baro ta da rai. Kai take kira."

"Ina keken?"

"Ya lalace a hanya."

Haka na ce mashi, ban ƙara ba. Keke ɗaya ne a ƙauyen, mai shi kuma ya tahi da shi kasuwar Ƙanƙara. Muka kamo hanya a ƙafa, mu yi gudu mu yi tafiya. Duk tsawon hanyar nan lissafi ɗaya nake yi: da sarƙar ƙwarai na fito, da tun kafin azahar na sauke shi ƙofar gidansu.

Bayan la'asar muka shigo gari. Tun daga kan kwana muka hangi maza tsaitsaye, an jingine makara jikin katanga. Ashe ana kiran la'asar Inna Hajjo ta cika. Malam Isa ya taro Lawal ya riƙe mashi hannu.

"Ta yafe maka. Gabanmu duka, sau uku ta faɗa."

"Na ji, Kawu," in ji Lawal. "Da kunnena na so in ji."

Ya samu sallar jana'iza, ya sa uwarshi a kabari da hannunshi. Abin da ya samu kenan.

Washegari babana ya sauka daga mota da sababbin sarƙoƙi naɗe cikin takarda mai maiƙo. Tun a tasha aka ba shi labari. Na shirya ma duka, bai taɓa ni ba. Ya aiki Yaya Audu ya karɓo keken wurin Bafulatanin nan, ya ɗaura mashi sabuwar sarƙa da kanshi, ya juya feda yana saurare. Sannan ya wanke hannu ya ce, "Tashi mu tahi gaisuwa."

Zaman makoki ya cika. Muka yi ta'aziyya, aka shafa. Sai babana ya ce, "Lawal, ɗana na da magana."

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Keken ba haka nan ya lalace ba. Ni na cire sarƙarshi da safe na ba wani. Da ban cire ba, da ka ishe Inna da rai."

Wani dattijo ya yi sauri ya ce ai kwana ne ya ƙare, ba mai ƙara ma wani ko numfashi ɗaya.

"Kwananta ya ƙare, gaskiya ne," in ji babana. "Amma sarƙa hannu ne ya cire ta."

Lawal bai dube ni a ido ba. Ƙafafuna yake kallo, na ɗaure su da tsumma saboda ƙaya da tsakuwa sun farfasa su.

"Kai ka makara da rabin yini, kuma da gudu ka zo," ya ce. "Ni wata huɗu ina da ƙafa ban zo ba." Ya share fuska da hannun riga. "Matso kusa, Mamman."

Na matsa har gwiwata ta taɓa tabarmarshi.

"Na yafe maka. Ka ji da kunnenka?"

Na ce na ji.

Nan Alhaji ya tsaya. Na lura tun ɗazu saƙonni ke shigowa waya, 'yan aji na ta shagali, ko ɗaya ban buɗe ba.

Ya ce keken da ke ƙuryar ba shi ne na farko ba, na uku ne, amma gurbin bai taɓa zama wayam ba tun daga ranar. Lawal ma, har ya rasu, shagon nan yake kawo gyara. Ya ce ciwon mai gyara ɗaya ne, in ya ga abu a ajiye sai ya ɗauka ba shi da aiki, alhali ajiyar ita ce aikinsa. Mutanen gari ba sa zuwa dubawa ko akwai sarƙa. Sun bar mana wannan, su dai ranar da ta ɓaci za su zo da gudu.

Na ce, "Amma Alhaji, yanzu ai akwai waya."

"Ranar da sabis ɗinku ya ɗauke fa, sarkin latsa?"

Na kuwa ga irin ranakun da idona.

Na mayar da sifana cikin akwati, na ɗauko famfo zan ƙara wa keken iska. Na matsa tayar gaba, tam take. Ta baya ma haka. Na shafa sarƙar, sabon mai ya kama min yatsa. Shekara nawa nake shigowa shagon nan, ban taɓa lura da abin da babana ke fara yi ba in ya buɗe ƙofa da safe.

"Daga gobe," in ji Alhaji, "aikinka ne."