Godelieve, Mai Daidaita Numfashin Masu Barci

Kafin a buɗe sashen masu matsalar barci a asibitinmu na garin Kortrijk, Sista Godelieve Vermeersch ta riga ta jingine kekenta, ta dafa kofi, tana ɗumama hannuwanta a jikin butar. Ba ta yarda ta taɓa ƙirjin mutum da hannu mai sanyi.

Marasa lafiyarta su ne waɗanda harshe ke zame wa baya in sun yi barci, ya toshe maƙogwaro, numfashi ya tsaya. Likita kan dasa musu 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, da siririyar waya zuwa jijiyar harshe. Duk jan numfashi lantarki ya ɗan tsikari jijiyar, harshe ya matso gaba, hanya ta buɗe. Saura aikin Godelieve: saita ƙarfin lantarkin daidai da mai shi. In ya yi yawa ya hana barci, in ya yi kaɗan bai tsinana komai ba.

Ku tambayi Staf Deprez, direban tirela. Gyangyaɗi ya jefa shi rami da lodin dankali, aka dakatar da shi daga tuƙi. Da aka gano matsalar numfashin ce, ya kasa kwana da takunkumin da ke hura wa mai barci iska, aka yi masa dashen. Bayan 'yan makonni ya shigo wajenta, ya dangwarar da abin kunna na'urar a tebur.

"Ga kayanku. Harshena sai tsalle yake kamar kifi a tudu. A cire mini."

"Zauna, Staf. Kai da ke shiga lungu da tirela da baya, ɗan harshen nan ne zai gagare ka?"

"Ai tirela ba a bakina take kwana ba, Sista."

"Buɗe mu gani."

Ta yi ta rage ƙarfin har ya ce da ƙyar yake ji. Ta jinkirta tashin na'urar don barci ya riga ta zuwa, ta hana shi ƙara ƙarfin sai da izininta. Tana yawan buga masa waya, in ya ce lafiya lau sai ta ce, "Ba ni Marleen, ita ba ta ƙarya." Marleen matarsa ce, wadda ta yi shekaru tana kwana ido biyu, tana zungurinsa duk sanda numfashinsa ya ɗauke, don tsoron kada ya wuce a haka.

Sannu a hankali suka riƙa ƙarawa. Kafin sanyi ya fita gwaji ya nuna numfashinsa ya daidaita, likita ya amince, Staf ya koma kan sitiyari. Marleen ta zo da kek ɗin shinkafa, ta ajiye, ta ce, "Shi ya samu aikinsa. Ni kuwa na samu barci."

Ke ce, Godelieve, mai haƙurin da ba ya gajiya, wadda ba ta sallamar mutum don ya yi fushi. Irin su Staf suna da yawa a garin nan: malamai, masu gashin burodi, tsofaffi. Sunanki ba ya jikin ƙofar kowane ofis, amma a gidajensu an san shi.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Mun gode, Sista, a madadin duk wanda ya wayi gari da ƙarfinsa saboda ke. Masu tasowa a aikin nan, ku ɗauki halinta: na'ura iri ɗaya ake dasa wa kowa, amma kowa da irin maƙogwaronsa da irin tsoronsa. Ku zauna da mutum har ku gane nasa.