Motar Kawu a Bakin Fadama

Muna yankan shinkafa a fadamar Gummi maciji ya sari Inna a ƙafa. Ni da Kawu, ƙanenta, muka ɗauke ta zuwa tsohuwar motarsa da ke bakin gona, muka kwantar da ita a kujerar baya.

Kawu ya murza makulli, sai muka ji ƙat, shi ke nan. Ya sake, ƙat. Turawa kuwa ba ta yiwuwa, domin tayoyin na cikin laka.

"Batir ne ya mutu?" na tambaya.

Ya danna hon, ya yi ƙara. "Akwai wuta," in ji shi. "Wani wuri ne ba ta wucewa."

Ya buɗe bonet, ya sa ni in riƙa murza makullin. Ina jin Inna tana salati a bayana, na kasa waiwayawa. Yana bin wayoyi da hannu har ya kai ga baƙar wayar da ta taso daga batir aka ɗaure ta da noti a jikin mota. Nan ya fizge hannunsa, don wurin ya yi zafi. Ashe tsatsa ce ta cinye ƙarƙashin notin.

Ya kwance shi, ya kankare wurin da lauje har ƙarfen ya yi fari, ya ɗaure.

"Murza, ɗana."

Motar ta tashi. Kafin mu isa asibiti ƙafar Inna ta kumbura har gwiwa, amma tana magana. Aka yi mata allura, ta ɗan kwana biyu a can, muka dawo da ita gida.