Daminar da Injin Wanki Ya Tsaya

A kwance Inna ta zo gidana a Suleja, a bayan motar yayana, bayan ɓarin jikinta na dama ya shanye. Daga ƙauyenmu da ke gefen Diko aka kai ta asibiti, da aka sallame ta kuma dangi suka ce gara ta zauna wurina, tunda ni ce mace, gidanmu kuma ya fi kusa da likita. Na gyara mata ɗakin da tagarsa ke kallon baranda. Bakinta ya ɗan karkace, amma maganarta na fita, hankalinta kuma garau. Abin da ya gagare ta shi ne riƙe fitsari da bayan gida.

Wanda bai san Inna ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mace ce da ko ɗankwalinta ba ta yarda wani ya wanke mata. Har ta tsufa, da kanta take ɗaukar kayanta ta sauka rafi, ta dawo ta shanya su a kan dangar bayan ɗaki inda ba mai gani. Yanzu ga ta ana juya ta kamar jaririya, ana zare zanen gado daga ƙarƙashinta. Duk lokacin da na zo canza mata shimfiɗa sai ta juyar da kai bango, ta runtse ido. In na fita da kayan na fara wanki, tana jin ƙarar bokiti da sautin cuɗa ta taga. Na gwada sa mata ƙunzugun manya na kanti, ya fito mata da gyambo, dole muka bari.

Sai na lura ta rage shan ruwa. In na kawo kunu ta kurɓa kaɗan ta ce ya ishe ta. Na ɗauka ciwon ne ya ɗauke mata sha'awar abinci, har ranar da na matsa mata, ta ce, "Auta, abin da ya shiga ai fitowa zai yi. Ke kuma za ki wanke."

Likita ya ce rashin ruwa zai taɓa mata ƙoda. Na faɗa wa maigidana, wanda kullum sammako yake yi zuwa aiki Abuja. Ranar Asabar sai ya dawo daga Madalla da tsohon injin wanki da ya saya na hannu a bayan a-kori-kura, irin wanda ake buɗewa ta sama. Fari ne da ya fara komawa ruwan ƙwai, gefensa ɗaya a loɓe. Tare da shi ya zo da mai gyara, wani dattijo mutumin kudu, Kirista, da ya daɗe a Suleja yana gyaran firji da injuna. Hausarsa ta nuna, sai dai harshen garinsu bai sake shi ba. Oga nake kiransa, shi kuma ya ce mini Madam.

A baranda ya girke injin, daf da tagar Inna, ya cusa guntun katako ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ya tsaya daidai. Ya haɗa tiyon shigar ruwa da famfon tankinmu, ya kai tiyon fitar ruwa makwarara. Da ya kunna, gangar ciki ta fara juyi, Inna ta kira ni.

"Mene ne wannan ke gurnani?"

"Injin wanki ne, Inna. Na zuba kaya, na rufe, shi ke nan."

"Shi ke wankewa? Hannu ba ya taɓawa?"

"Shi ke wankewa, ya ɗauraye, ya matse."

Ta kasa kunne tana saurare. Can ta ce, "To, shi dai ba shi da ido." Da yamma ta shanye kofin kunu har ta nemi ƙari. Gaskiya kuwa sai na fara watsa wa kayan ruwa a banɗaki kafin in sa su a inji, amma wannan ba ta tambaya ba.

Daga nan na fara lallaɓa injin nan kamar wani majinyaci na biyu. Ruwanmu na rijiya ne, da yashi a ciki. Ba a jima ba ya fara ɗaukar lokaci kafin ya cika, har ya riƙa tsayawa yana kuka. Oga ya nuna mini 'yar rariyar da ke bakin tiyon shigar ruwa, duk yashi ya toshe ta. Ya koya mini in rufe famfo, in kwance tiyon, in zaro rariyar in goge da tsohon burushin haƙori. Ya ce in riƙa zazzage jakar da ke tara zare, kar in cika garin sabulu, in kuma bar murfin a buɗe bayan wanki don cikin ya sha iska, kar ya yi wari. In na dunƙule zannuwa a gefe guda, lokacin matsa sai ya yi ta dukan jikinsa yana tafiya kamar zai bar barandar. Inna kan ɗaga murya daga ɗaki, "Auta, abin naku zai gudu!" Sai in zo in tsayar da shi, in baza kayan kewaye da ganga.

Wata rana kuma ya ƙi zubar da ruwa, kaya suka kwanta cikin ruwan kumfa. Na kwashe ruwan da kofi, Oga ya zo ya cire wuta, ya kwantar da injin, ya buɗe ɗan famfon da ke fitar da ruwa. Sai ga ƙwayoyin carbi sun maƙale a ciki. Carbin Inna ne da ya tsinke a cikin rigar matashi, muka neme shi muka rasa. Ya wanke su ya kai mata har bakin ƙofa a tafin hannunsa, ya ce, "Mama, injin ma yana salla." Inna ta yi dariya da rabin bakinta har da hawaye. Tun zuwanta ban ji dariyarta ba sai ranar.

Haka muka ci rani. Ta yi ƙiba kaɗan, gyambon ya warke, har takan ce a jingina ta da matashi ta kalli tsakar gida.

Da damina ta kankama, wata Laraba da azahar, hadari ya taso ya rufe Dutsen Zuma gaba ɗaya. An ɗauke wuta tun safe, ina da kaya jiƙe a cikin injin. Ana cikin ruwa aka dawo da ita da wani irin ƙarfi, ƙwan falo ya fashe, na ji ƙauri daga baranda. Na ruga na zare filogi, amma an makara. Da wuta ta daidaita na danna makunni, ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Oga ya zo washegari cikin yayyafi. Ya duba filogi, ya duba fis, ya gwada makunnin murfi, duk lafiya. Da ya kwance saman injin ya zaro wani ɗan allo kore mai tarkacen wayoyi, ya nuna mini inda ya yi baƙi.

"Madam, ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙone. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai a sa wani."

"Ana samu?"

"Injin tsoho ne. Zan nema."

Ya zaga shagunan Suleja, ya je Madalla. Ya kawo wani allo da ya yi kama, bakin wayoyin bai shiga ba. A ƙarshe ya ce ɗan'uwansa a Legas ya samo, za a ba direba ya taho da shi. Sayen wani injin ba ya cikin ikonmu a lokacin, jinya ta riga ta cinye abin da ke hannu, kuma kullum muna jin saƙon gobe zai iso. Direban farko bai taso ba, na biyu motarsa ta lalace a hanya.

Na koma wanki da hannu, can bayan gida inda nake zaton Inna ba za ta ji ba. Ba wankin ne ya fi wahala ba, bushewar ce. Hannu ba ya matse zanen gado kamar inji, ga ruwa kullum. Na ɗaura igiyoyi a falo, gidan duk ya ɗauki warin danshi, wani lokaci sai in bi zane da dutsen guga na gawayi kafin in shimfiɗa mata.

Tun rana ta biyu ta ce, "Auta, na ji abin naku shiru."

"Ya ɗan samu matsala ne, Inna. Ana gyarawa."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta dai koma kurɓar kunu kaɗan, ta koma kallon bango. Na roƙe ta, maigidana ya roƙe ta, yayana ya zo daga ƙauye ya durƙusa a gabanta da kofin ruwa. Takan jiƙa leɓe don ta sallame mu. Wata safiya ina goge mata jiki, ta kama hannuna da hannunta na hagu mai lafiya, ta riƙa shafa 'yan yatsuna inda sabulu ya cinye suka tsattsage.

Na ce, "Inna, don Allah ki sha ruwa. Ke ba ki wanke nawa ba ina jaririya? Kin taɓa gajiya?"

Ta kalle ni. Ta ce, "Jariri girma yake yi, Auta."

Na ɗauki kwanon ruwan na fita.

Zazzaɓi ya kama ta a makon da ya biyo. Muka kai ta asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa, aka ce ciwo ya shiga mafitsara ya haura ƙoda. Ta kwana biyu ba ta gane mutane sosai. Ranar Juma'a da hantsi, ina riƙe da ita ina karanta mata kalmar shahada, Allah Ya karɓi abinSa. Likitan ya ce mini jikinta dama ya raunana, irin wannan kan faru ga wanda ya daɗe a kwance. Na yarda da shi, na kuma yarda kwana ne ya ƙare. Duk da haka zuciyata ba ta daina lissafin da ba shi da amfani ba.

Ana zaman makoki Oga ya iso da allon a naɗe cikin leda, bai san abin da ya faru ba. Maigidana ya ba ni labari daga baya: da ya ga tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune, ya tsaya cak, ya cire hula, ya tura ledar cikin aljihu. Ya zauna a gefen tabarma, da aka ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya ɗaga nasa. Ya so ya sulale ya tafi, maigidana ya riƙe shi ya ce ya dawo in baƙi sun ragu.

Ya dawo bayan addu'ar bakwai. Ya gaishe ni, ya ce, "Madam, sannu da haƙuri. Mama mutumiyar kirki ce." Ya durƙusa ya ɗaura allon, ya mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa mana na'urar daidaita wuta a bango. Ya kunna injin babu kaya a ciki. Fitilu suka kama, ruwa ya shiga, ganga ta juya. Muka tsaya muna kallonsa. Yana tattara kayan aikinsa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tawa uwar ta mutu a gida ina nan Suleja. Ko riga ɗaya ban wanke mata ba." Ya rataya jakarsa ya tafi.

Gwaggo, ƙanwar Inna, ita ta zauna da ni har arba'in. Ita ce ta buɗe akwatin Inna ta ce a wanke tufafin kafin a raba. Muka wanke su tas, muka goge, yayana ya kwashe ya kai ƙauye. Bayan an fitar da na gado, sauran aka bayar sadaka ga matan da ke da buƙata.

Da kaka na je Diko sayen doya ranar kasuwa. Ina tsaye ina ciniki sai na hango wata tsohuwa ta ba ni baya, ɗauke da ƙwarya a ka, ɗaure da zanen Inna mai ruwan bula da ganye-ganye. Na bar doyar na bi ta. Na bi ta ta layin masu manja, ta gaban masu tukwane, har bakin titi inda manyan motoci ke tsayawa. Ban yi mata magana ba, ban ma so ta juyo ba. Ta tsallaka titi, wata tirela ta gifta tsakaninmu, ni kuma na tsaya a nan har mai doyar ya zo ya tambaye ni ko lafiya.