Gyambon da ke ƙarƙashin rawani

Yayana zabiya ne, ranar Dakoro kuwa ba ta san sabo ba. Shi ke jan ruwa a rijiya yana shayar da shanun surukinsa, tun hantsi har la'asar. Bayan kunnensa akwai wani gyambo da ya ƙi warkewa. Ni ke wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri, don matarsa ba ta iya kallo. In na gama sai ya naɗa rawani har hanci, ya fita kamar ba komai.

Wata shekara masu duba fata suka sauka a asibitin garin, aka yi shela zabiya su zo. Aka cika maƙil, har daga Kornaka da Ɗan Gulbi, don haka ba kowa ake dubawa ba. Tambayoyi ake yi, daga amsarka a gane ko ciwon daji na fata yana kusa da kai. In yana kusa, a sa ka mota zuwa Maradi. Da ƙyar na ja shi muka tafi. Surukin nasa, don kara, ya ce sai ya raka mu. Wannan karar ce ta cuce mu, domin a gidanmu namiji ba ya kwance rawani gaban surukinsa, ba ya kuma kukan ciwo.

Malamar asibitin ta ce, "Malam, kana daɗewa cikin rana?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Akwai mikin da ya ƙi warkewa?"

Ya saci kallon tsohon, ya sunkuyar da kai. "Babu. Lahiya lau nike."

"A dangi fa, akwai wanda irin ciwon nan ya kashe?"

Kawunmu, shi ma zabiya, gyambon wuya ne ya cinye shi muna gani. Amma yayana ya ce, "Ajali dai."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah ka hwaɗa mata!"

"Ke, yi mini shiru. Mi kika sani?"

Tsohon ya yi dariya, ya ce ai su mata akwai ruɗewa. Malamar ta dubi layin da ke bayanmu, ta miƙa wa yayana malafa da man shafawa, ta kira na gaba. Mota ta tafi ba da shi ba.

Kafin a sake cin gero sabo, rawanin ya kasa ɓoye warin. Muka je Maradi da kanmu, likitoci suka ce an makara. Har yau ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa, ba na iya raba su.

Ranar da ya rasu, surukin ne ya shiga yi masa wanka, shi ya kwance rawanin da hannunsa. Ya fito, ya tsaya gabana.

"Ɗiyata, tun yaushe abin ga yake haka?"

Na ce, "Baba, ranar da kuka raka mu, bai hi girman ƙwandala ba."