Girar Kawu ta Hagu

Kawu ƙanin mamata ne, kuma ba na jin akwai wanda aka tsine wa a Maraɗi kamarsa. A fim ya ƙwace gonar marayu, ya sayar wa ƴan kabu-kabu esansi, wato fetur, gauraye da ruwa, ya fitar da wata tsohuwa daga gidan haya ana ruwan sama. A zahiri kuwa gyaran fanka yake yi a ƙofar gidanmu a unguwarmu, kartiyen Zariya, kuma idan zakaran maƙwabta ya nufo shi, tashi yake ya ba shi hanya.

Gyaran injin wuta ne ya kai shi wurin ƴan fim. Ran nan wanda zai fito a mugu bai zo ba. Darakta ya hango Kawu yana fama da wata waya, girarsa ta hagu a ɗage kamar yadda take yi idan abu ya gagare shi, sai ya ce a ba shi baƙin tabarau. Shi ke nan makarantar fim ɗin da Kawu ya yi. Tabarau ɗin ma daga baya ƙafarsa ɗaya ta karye, ni na ɗaure ta da koren zaren Mama. Idan kyamara ta matso, ana ganin zaren. Duk garin na rawar jiki, ni kuwa ƙullina nake dubawa ko ya kwance.

Suna dai ya yi shi. Mai tumatir takan ce masa, "Allah ya isar wa marayu," sannan ta ce ya tsaya a ɗauke su hoto. A lakwal, makarantarmu, ƙawayena sukan tambaye ni ko da gaske a gidanmu yake kwana. Ni ba mai magana ba ce, sai in sunkuyar da kai, su kuma suka ɗauka tsoro ne. Har gyaɗa sukan ba ni don tausayi.

Duk wannan bai dami Kawu ba sai da ya so aure. Wata tela ce daga Jiratawa, ta kawo masa injin keken ɗinkinta ya gyara. Injin ya gyaru tun ranar farko, amma ya yi ta lalacewa duk mako, har Mama ta gane. Telar na sonsa. Sai dai kakarta ce ta raine ta, kuma maganar kakar ce magana.

Baba da abokansa suka je neman aure, suka dawo da goronsu. Baba ya kwaikwaya mana yadda aka yi. Tsohuwar daga bayan zana ta ce, "Wanga da ya jefa ma tsohuwa tabarmarta waje? Da idona na gan shi. Ni ma tsohuwa ce."

Baba ya ce, "Inna, ai wasa ne."

Ta ce, "To ya tahi ya yi wasa da ɗiyar wani."

Kawu ya daina cin abincin kirki. Ya yi ta bin darakta har ya samu a ba shi fim ɗaya da zai fito a mutumin kirki, don a kai wa tsohuwar ta gani. A Tsibiri aka ɗauka, da damina, lokacin muna hutu, na bi su kallo. Kawu manomi ne mai buɗe rumbunsa ga kowa, mai yafe wa duk wanda ya zalunce shi. Matsalar ita ce girar ba ta san an canza mata aiki ba. Da ya fara magana sai ta tashi.

"Sauke girar!" in ji darakta. "Sadaka kake badawa, ba guba ba!"

A ƙarshe suka kifa masa malfa har kan ido. Da aka zo inda zai miƙa wa wata gwauruwa damin gero, ya yi murmushin da ya kwana biyu yana koyo a madubin Mama. Matan garin da ke kallo daga gindin gawo suka ɗauki ihu: "Kar ki amsa! Kar ki amsa!" Sai da aka sake ɗauka.

Da fim ya fito, ni aka aika Jiratawa da wayar salular Kawu, tunda maza ba sa shiga cikin gida, kuma an san ba zan faɗi abin da zai ɓata lamari ba, don ba na faɗin komai. Na samu tsohuwar tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na riƙe mata salular. Telar na ɗaki, kekenta ya yi shiru.

Duk lokacin da Kawu ya yi alheri, sai tsohuwar ta tsayar da hannunta ta ce, "Yanzu zai yi." Bai yi ba. Ya raba gero, ya yafe, ya sake yafewa, rubutun ƙarshen fim ya hau.

"Ina na biyun?"

"Babu na biyu, Kaka."

"Akwai. Irin wanga sai ya bari sun saki jiki." Ta hura ɓawon gyaɗa daga faifai. "Sa mini na marayun nan."

Na sa mata. Ashe ta haddace shi. Kafin Kawu ya yi dariyar mugunta, ita ta riga shi.

Na koma gida na ba da labari a taƙaice. Kawu ya ajiye malfar a kan katanga, bai sake taɓa ta ba.

Bayan wasu makonni sai ga tsohuwar a ƙofarmu, ba sanarwa, ta sauko daga kabu-kabu tana riƙe da rigar mai tuƙin kamar zai gudu. Ta ce kasuwa ta zo. Mama ta shimfiɗa mata tabarma a zaure, inda ake hangen waje. Ta ƙi shiga ciki.

A gabanta wata mata ta wanke Kawu tas saboda fankarta na juyawa amma ba ta waiwaye, yana ta "Yi haƙuri, Hajiya." A gabanta Mama ta leƙo ta aike shi sayen gawayi, ya tashi ya tafi. Yana dawowa zakaran ya tare hanya. Kawu ya tsaya da ledar gawayi a hannu, ya jira, da ya ga ba a da niyyar ba shi wuri, ya zagaya ta bayan kwata.

Na dubi fuskar tsohuwar. Na zaci zan ga sauƙi. Irin fuskar da ake yi ce idan an buɗe kwanon biki an tarar ba nama.

"Ashe duk ƙarya ce," ta ce wa Mama. "Ko kaza bai iya kora."

"Ai mun faɗa miki, Inna."

Tsohuwar ta dubi Kawu. Sannan ta kira shi, ya zo ya durƙusa, gawayi a gwiwar wandonsa.

"Ka ce ma magabatanka su maido goron," ta ce. "Amma kar in sake ganinka cikin malfar nan. Barci na yi ta ji."

Ranar ɗaurin aure ta sa aka shigo da shi cikin gida, gaban ƙawayenta tsofaffi, ta ce ya ɗaga musu girar. Kawu ya yi ta ƙoƙari, yana ta murmushi kamar wawa, girar ta ƙi tashi. Sai da ta ce a je a kamo zakara.